Pyromania ko Hysteria: in kuɗin faifai ɗaya gare ka, wanne za ka ɗauka?

Ɗan yayata da ke karatu a Ingila ya kamu da ciwon da na san ba ya jin magani, wato tara faifan garmaho. Ran nan ya turo mini hoto ta WhatsApp daga wani shagon tsofaffin faya-fayai, yana riƙe da guda biyu na ƙungiya ɗaya ta makaɗan rok, Def Leppard. Na hannun dama hoton wani dogon bene ne yana ci da wuta, an saita shi a tsakiyar madubin bindiga. Shi ne Pyromania na 1983. Na hagu kuwa fuska ce a murɗe tana kururuwa cikin zane-zane masu kama da hanjin rediyo, wato Hysteria na 1987. A ƙasan hoton ya rubuta: “Kawu, kuɗin ɗaya gare ni. Wanne?”

Na ba shi amsa a gurguje don mai shago na jiransa, amma tambayar ta fi ƙarfin saƙon waya. Faya-fayan nan biyu ƙungiya ɗaya ce ta yi su, furodusa ɗaya ya tsara su, shekara huɗu da rabi ce tsakaninsu, kuma duka biyun da niyyar cin kasuwa aka yi su. Inda suka rabu shi ne yawan abin da aka sadaukar domin kasuwar. Wanda ya gane wannan ba zai yi cinikin duhu ba.

Def Leppard yaran Sheffield ne, garin masana'antun ƙarfe a arewacin Ingila. A 1977 suka haɗu, kusan dukkansu ba su kai shekara 20 ba. Joe Elliott ke waƙa, Rick Savage ke jitar bes, Pete Willis da Steve Clark ke jita, sai Rick Allen da ya hau ganga a 1978 yana ɗan shekara 15. Tun daga faifansu na farko a 1980 ba su ɓoye inda idonsu yake ba, har waƙa suka yi mai suna “Hello America”, jaridun kiɗa na Birtaniya suka yi musu caa, wai sun juya wa gida baya suna kwaɗayin dala. Zargin bai yi ƙarya ba. Amurka suke so, kuma sun samu mutumin da ya san hanya.

Shi ne furodusan da na ambata, sunansa Robert John Lange, amma Mutt aka fi saninsa da shi. A Mufulira aka haife shi, cikin Zambiya ta yau, ya tashi a Afirka ta Kudu, daga baya ya koma Landan. Shi ya tsara wa AC/DC faifansu Highway to Hell a 1979 da Back in Black a 1980, ya yi wa Foreigner nasu mai suna 4 a 1981. Mutum ne da ba ya son hira da 'yan jarida, ba ya son hoto, amma in ya zauna a situdiyo sai ya sa mawaƙi ya maimaita layi ɗaya har muryarsa ta dashe. Ya fara aiki da Def Leppard a faifansu na biyu, High 'n' Dry, a 1981. Wannan bai yi wani ciniki na a zo a gani ba da farko, sai dai tashar talabijin ta bidiyon waƙoƙi, MTV, wadda ita ma a 1981 aka buɗe ta, ta kama bidiyon waƙar “Bringin' On the Heartbreak” tana ta sakawa. Daga nan kowa ya gane cewa akwai ƙofa a buɗe.

Pyromania ya fito ranar 20 ga Janairu 1983. Waƙa 10 ne, kimanin minti 45. Ana tsakiyar aikinsa a 1982 aka sallami Pete Willis saboda shan giya ya hana shi aiki, aka ɗauko Phil Collen daga wata ƙungiyar Landan mai suna Girl. Abin sha'awa, ba a goge aikin Willis ba. Jitar da ke riƙe da gindin waƙoƙin tasa ce da ta Clark, Collen ya zo ya ɗora nasa yatsun a sama, wurin da jita ke fita ita kaɗai tana kuka. Shi ya sa faifan ke da ƙashi. Willis makaɗi ne mai bugu a dunƙule, irin na makarantar AC/DC, Collen kuma mai saurin yatsa ne da ƙyale-ƙyale. Ka ji “Stagefright” ko “Rock! Rock! (Till You Drop)” za ka ji su duka biyun a wuri ɗaya, ɗaya na tuƙa tuwo ɗaya na zuba miya.

Masoya Pyromania suna son su ce shi ne na gaskiya, na gumi, wanda aka buga da hannu, Hysteria kuma na inji. Wannan magana tana da gyara. A Pyromania ma ganga ce aka yi a ƙarshe, bayan an gama jita, kuma yawancin bugun da kake ji sauti ne da aka ɗauka aka zuba cikin na'urar Fairlight, wata kwamfutar kiɗa mai tsadar gaske a wancan zamani. Har fiyano na zamani akwai a ciki, Thomas Dolby ne ya buga amma aka rubuta shi da sunan bogi, Booker T. Boffin. Wato dabarar da za a zarga a 1987 an riga an fara ta tun 1982, sai dai an rufe ta da ƙarar jita yadda kunne ba ya saurin kamawa.

Kasuwa kuwa ta karɓa hannu bibbiyu. “Photograph” ta kai ta 12 a jadawalin waƙoƙi na mujallar Billboard ta Amurka, “Rock of Ages” ta kai ta 16, “Foolin'” ta 28. Bidiyon “Photograph”, wanda Elliott ya fito a ciki da riga mai tutar Birtaniya, ya zama ruwan dare a MTV. Faifan kansa ya hau har mataki na 2 a Amurka ya tsaya cak, domin wanda ke samansa shi ne Thriller na Michael Jackson, wanda ya yi mako 37 a na ɗaya. Kafin ƙarshen 1984 Pyromania ya sayar da kwafi miliyan 6 a Amurka, a 2004 kuma aka ba shi shaidar miliyan 10. A gida Birtaniya fa? Na 18 ya tsaya. Mutanen da ke cika manyan filaye a Amurka, in sun dawo Ingila sai su koma ƙananan zauruka.

Wannan tsayawa a bayan Thriller ita ce uwar Hysteria. Faifan Jackson waƙa 9 ne, 7 daga ciki an fitar da su ɗaiɗai a kasuwa, kuma kowace ta shiga goman farko. Lange ya dubi wannan ya kafa wa yaran Sheffield buri: a yi irinsa da kiɗan rok mai nauyi, faifan da ba shi da cikon benci, wanda kowace waƙa a cikinsa za ta iya tsayawa da ƙafarta a rediyo. A lokacin masu irin wannan kiɗa sun saba da waƙa biyu ko uku na rediyo, sauran na 'yan gida ne, masu doguwar suma da rigar fata. Burin Lange shi ne a tsallake 'yan gida a kai ga matar da ke tuƙa mota zuwa ofis da yarinyar makarantar da ba ta taɓa sayen faifan rok ba.

Faɗa da baki ya fi yi sauƙi. A 1984 ƙungiyar ta koma Dublin da zama don gudun harajin Birtaniya, aka fara rubuta waƙoƙi tare da Lange, sai ya ce ya gaji, bai daɗe da gama Heartbeat City na The Cars ba, ba zai iya shiga wani dogon aiki ba. Aka ɗauko Jim Steinman a madadinsa, wanda ya rubuta wa mawaƙi Meat Loaf waƙoƙin faifansa Bat Out of Hell, aka tafi situdiyon Wisseloord da ke Hilversum a ƙasar Holan. Jininsu bai haɗu ba. Steinman na son a kama zafin bugu ko da akwai ɗan kuskure, su kuwa Lange ya riga ya horar da kunnensu, kuskure ƙanƙani ba ya wuce su. Aka biya shi kuɗinsa aka sallame shi, aka ajiye abin da aka ɗauka, har yau ba a fitar ba. Suka gwada yi da kansu tare da injiniyan Lange, Nigel Green.

Ana cikin haka, ranar 31 ga Disamba 1984, Rick Allen ya yi hatsari da motarsa ƙirar Corvette a kan hanyar A57 a wajen Sheffield. Hannunsa na hagu ya cire. Likitoci sun mayar sun ɗinke, amma wurin ya ruɓe, dole aka sake cirewa. Shekararsa 21, kuma sana'arsa ganga. Duk mai hankali ya ɗauka shi ke nan. Ƙungiyar ba ta nemi wani ba. Allen ya zauna da kamfanin Simmons aka haɗa masa gangunan lantarki masu matakai a ƙasa, ƙafarsa ta hagu ta karɓi aikin hannun da ya tafi, ya koyi sana'arsa daga farko kamar yaro. A Agusta 1986 ya hau dandalin bikin kiɗa na Monsters of Rock a Donington ta Ingila gaban dubban mutane ya buga. Shi ne ma ya ba faifan suna Hysteria, saboda irin rububin da ya gani a kansa bayan hatsarin. Da farko Animal Instinct aka so a kira shi.

Na tsaya a kan wannan ne don yana shafar abin da kunne ke ji. Gangar Hysteria tana tafiya a hankali, da faɗi, kowane bugu kamar an rufe ƙofar ƙarfe a cikin babban ɗaki. Ba a cika cusa ƙananan bugu a tsakani ba. Wani ɓangare na wannan dabarar Lange ce, wani kuma yanayin makaɗin ne ya kawo. Sakamakon shi ne fili ya samu, aka cika shi da murya.

Lange ya dawo a 1985, ya saurari abin da suka yi, kusan komai aka sake. Tsugune ba ta ƙare ba: shi ma ya yi hatsarin mota, Elliott ya kamu da hangum, lokaci na tafiya, kuɗin situdiyo na hawa. Waƙar “Animal” kaɗai ta kusa cin shekara uku. An ɗauki muryar Elliott a Faris, aka ga ta yi kyau, sai aka rushe duk kiɗan da ke ƙarƙashinta aka gina sabo. Jita ma ba ta manyan lasifikokin Marshall da aka saba aka bi da ita ba, yawanci ta wata 'yar na'ura ce mai suna Rockman, wadda ba ta fi ƙaramin rediyon aljihu ba, ƙirar Tom Scholz na ƙungiyar Boston. Sautinta siriri ne, tsaf, ba datti, don haka ana iya jera jita bisa jita ba tare da sun cakuɗe ba. A wani wuri cikin waƙar “Hysteria” har tsirkiya ɗaya-ɗaya aka riƙa ɗauka, maimakon a kaɗa su tare, sannan aka haɗe. Wanda ya taɓa zama a situdiyo ya ga yadda ake jera sauti a kwamfuta yau zai ce ai wannan ba komai ba ne. A tuna, su da tef suka yi.

Da aka gama, kuɗin da aka kashe ya kusa dala miliyan 5, kuma lissafi ya nuna sai an sayar da kwafi kusan miliyan 5 kafin a fara maganar riba. Ranar 3 ga Agusta 1987 ya fito. A Birtaniya, inda aka daɗe ana yi musu kallon hadarin kaji, ya shiga na ɗaya kai tsaye, “Animal” ta kai ta 6. A Amurka kuwa, inda aka dogara, sai aka fara da “Women”, don a nuna wa tsofaffin masoya cewa har yanzu akwai nauyi. Ta 80 ta tsaya. “Animal” ta kai ta 19, “Hysteria” ta 10, ciniki ya kai wajen miliyan 3 ya fara ja da baya. Ga kowace ƙungiya wannan nasara ce, ga su kuwa kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba.

Abin da ya cece su waƙar da aka yi a ƙarshe ce, wadda saura ƙiris ba ta shiga ba. An kusa rufe aiki, Elliott na hutawa da jitar katako yana rera wani ɗan amshi, Lange ya ji ya ce a tsaya. Cikin kimanin mako biyu aka gama “Pour Some Sugar on Me”, a faifan da wasu waƙoƙinsa suka ci shekaru. Baitocinta kusan magana ce a kan bugu, salon da suka tsinta daga kiɗan rap, lokacin Run-DMC da Aerosmith ba su daɗe da haɗa kai a “Walk This Way” ba. Da aka sake ta a Amurka a 1988 sai ta kama kamar wutar daji, ta kai ta 2, ta ja faifan zuwa na ɗaya a watan Yuli, kusan shekara guda bayan fitowarsa. “Love Bites”, wadda Lange ya kawo da farko a salon kiɗan kantiri na Amurka, ta kai ta ɗaya a Oktoba, kuma ita kaɗai ce tasu da ta taɓa kai wa nan. “Armageddon It” ta 3, “Rocket” ta 11. Waƙa 7 aka fitar, daidai da adadin na Thriller. A yau an haura kwafi miliyan 12 a Amurka, sama da miliyan 20 a duniya.

To wannan tarihi ne. Mai tsaye a shago da kuɗin faifai ɗaya, abin da zai ji in ya ɗora allura shi ne damuwarsa.

Fara da murya, don nan ne bambancin ya fi fitowa. A Pyromania Elliott yana ƙure maƙogwaro, yana hawa sama da ƙaiƙayi, wani lokaci kamar zai tsage. Ana jin saurayi ɗan shekara 23 da ke son a san da zamansa. A Hysteria an sauko da shi ƙasa, an tausasa, an kewaye shi da muryoyi masu yawa da aka jera bisa juna, da yawansu na Lange ne da kansa. Mu da muka tashi da waƙar da ke da 'yan amshi ba baƙon abu ba ne a wurinmu jagora ya jefa a karɓa masa, sai dai amshin Hysteria ba ya kama da na mutane huɗu da ke tsaye a bayan mawaƙi. Kamar jama'ar gari guda ne da bakinsu ya zama ɗaya, ba wanda ya riga wani numfashi. Karon farko abin yana sa tsigar jiki ta tashi. Karo na ashirin, ni dai, sai in fara kewar muryar mutum ɗaya mai ɗan karkacewa.

Jita kuma akasin abin da mutane ke zato ne. Pyromania ya fi ƙarfi, wannan ba musu. Amma Hysteria ya fi dabara. Clark da Collen sun daina buga abu ɗaya tare, kowa na saƙa nasa zaren, wani na sama wani na ƙasa, wani na shigowa da 'yan ƙananan sautuka kamar ƙararrawa. Sa abin saurare a kunne ka ji mintin farko na “Gods of War”, wadda tushenta na Clark ne: bes na tafiya shi kaɗai, jita ɗaya ta shigo daga gefe, wata ta amsa daga ɗaya gefen, kafin a ankara an gina bene. Waƙar kan yaƙi ce, a ƙarshenta ana jin muryoyin shugaban Amurka na lokacin Ronald Reagan da firaministar Birtaniya ta lokacin Margaret Thatcher cikin ƙarar harbi. A ganina ita ce mafi kyau a faifan, kuma ba ta cikin bakwai ɗin da aka kai rediyo. Steve Clark ya rasu a Janairu 1991 yana da shekara 30, shaye-shaye ne ya ci shi, don haka Hysteria ne faifai na ƙarshe da ya ga fitowarsa. Mai son sanin ko wane ne shi, nan zai same shi a cike.

Akwai kuma “Rocket”, wadda kunnen ɗan Afirka zai tsaya a kanta. Gangar da ke ɗauke da ita an aro salonta ne daga makaɗan Burundi, ta hanyar wani faifai da ya yi tashe a Turai a shekarun 1970, wanda Elliott ya ji ya kawo wa Lange. Tsakiyar waƙar ta yi tsawo, an cika ta da sautukan da aka juya baya da wasan situdiyo, amma bugun yana da daɗi.

Sai tsawo, kuma nan Hysteria ya fara biyan bashin burinsa. Waƙa 12 ne, minti 62 da 'yan kai. Fuskar farko ta faifan waƙa shida ce, dukkansu an fitar da su a rediyo, ɗaya bayan ɗaya ba hutu. Ban san wani faifan rok da ke da fuska irin wannan ba. Juya shi kuma, bayan “Gods of War” da “Hysteria”, sai ƙarfin ya ragu. “Don't Shoot Shotgun” da “Excitable” an yi musu kwalliya iri ɗaya da sauran, amma ƙashin bai kai ba. Alkawarin cewa babu cikon benci bai cika ba. Pyromania shi ma yana da rauninsa, “Action! Not Words” ba ta taɓa riƙe ni ba, sai dai minti 45 ba ya gajiyar da mutum, kuma ya san inda zai sa nauyinsa. “Die Hard the Hunter”, labarin sojan da ya dawo daga yaƙi amma yaƙin bai bar kansa ba, tana rufe fuskar farko, “Billy's Got a Gun” tana rufe ta biyu cikin duhu. Irin wannan duhun kusan an share shi a 1987, don ba ya sayuwa a rediyon rana.

Tsawon nan yana da wata illa ta zahiri ga mai garmaho. Fuskar faifai ta saba ɗaukar minti 20 zuwa 22. Hysteria na asali an cusa sama da minti 30 a kowace fuska, don haka dole a matse layukan da allura ke bi, a rage ƙara. In faifan tsoho ne mai ƙuje-ƙuje, ƙarar ƙujewar za ta fi fitowa tunda sai ka ƙara murya. An yi shi ne da tunanin CD, wanda a lokacin yake tasowa, da kaset na mota. A 2017, cikarsa shekara 30, an sake buga shi a faifai biyu. Shi ya sa abu na farko da na ce wa yaron nan shi ne ya leƙa cikin kwalin ya ƙirga. Pyromania kuwa daidai jikin garmaho aka ɗinka shi. Wanda a waya zai saurara wannan bai dame shi ba, tun Janairu 2018 duka waƙoƙinsu suna kan Spotify da sauran manhajojin kiɗa.

Wata magana da ba a cika yi ba amma ta shafe mu: kalmomin. Def Leppard ba marubutan hikima ba ne, sau da yawa sautin kalma suke bi, ma'ana ta biyo baya in ta ga dama. Amma Hysteria ya fi karkata ga zancen mace da sha'awa, kuma “Pour Some Sugar on Me” batsa ce a lulluɓe, lulluɓin ma na gyale ne mai shara-shara. Ba waƙar da za ka saka a mota ba ce surukinka mai jin Turanci na zaune a gaba. Pyromania ma ba wa'azi ba ne, sai dai yawancin surutunsa kan kiɗa ne da wuta da hayaniyar dandali.

Wani zai ce, in dai gumi da datti ake nema, me ya sa ba za a bar su duka a ɗauki Appetite for Destruction na Guns N' Roses ba? Ya fito ranar 21 ga Yuli 1987, mako biyu kafin Hysteria, kuma a 1988 sun yi ta karɓeɓeniyar mataki na ɗaya a Amurka. Gaskiya ne, kusa da shi Pyromania ma ɗan gayu ne mai guga a riga. Amma wannan wata tambaya ce, kuma ba ya cikin hoton da aka turo mini.

Ga yadda nake raba su. Wanda kunnensa ya taso da Michael Jackson da kiɗan rediyo, wanda ƙarar jita ke sa masa ciwon kai, Hysteria ne ƙofarsa, don domin shi aka yi shi. Haka mai aikin situdiyo da ke son ya koyi yadda ake jera sauti ba tare da ɗaya ya danne ɗaya ba, ya zauna da shi da abin saurare mai kyau, makaranta ce. In za a saya, a nemi CD ko bugun faifai biyu. Wanda kuma ya riga ya ɗanɗana AC/DC ko makamantansu yana son ya ji inda nauyi ya haɗu da daɗin amshi ba tare da ɗaya ya cinye ɗaya ba, Pyromania. A nan kwaɗayin kasuwa yana nan, amma ƙungiyar ba ta riga ta narke cikin na'urorin furodusa ba. Kana iya nuna yatsa ka ce wannan Willis ne, wannan Clark ne, wancan Collen ne. A Hysteria sau da yawa abin da kake nunawa Lange ne.

Ni Pyromania nake komawa gare shi. Na yarda Hysteria ya fi girma, ya fi wahalar yi, kuma mafi kyawun mintunansa sun fi na ɗan'uwansa. Amma rabona da in ji shi daga farko har ƙarshe na manta, kullum sai na tsallake uku ko huɗu. Pyromania kuwa in na saka sai allura ta kai ƙarshe.

Yaron ya leƙa kwalin Hysteria, faifai ɗaya ne, bugun 1987, da ɗan ƙuje a fuskar farko. Ya mayar, ya biya kuɗin Pyromania. Da dare ya sake rubuto mini: “Kawu, wane yare ne mutumin nan yake yi a farkon Rock of Ages? Jamusanci ne?” Na ce masa ba yaren kowa ba ne. Lange ne ya gaji da ƙirga ɗaya, biyu, uku, huɗu kafin a fara bugu, ya ƙirƙiri kalmomin banza guda huɗu yana faɗa a madadinsu, yaran suka ji abin ya ba su dariya suka ce a bar shi a ciki.